Kamfani na cin riba, bashin kusa ya fi abin hannunsa: yadda ake karanta jarin juyawa mai giɓi

A ƙarshen Janairun 2024 kamfanin Walmart na Amurka ya rufe lissafinsa na shekara da kadarorin kusa na kimanin dala biliyan 77, basussukan da zai biya cikin wata 12 kuwa sun ɗan haura dala biliyan 92. Ma'ana, ko da ya kwaso tsabar kuɗin da ke banki, ya sayar da duk hajar da ke kan kanta da cikin sito a kan kuɗin da ya saro ta, ya karɓo duk abin da yake bin mutane, da sauran fiye da dala biliyan 15 a wuyansa. Babu bankin da hankalinsa ya tashi, saboda dama haka lissafin Walmart yake shekara da shekaru. Kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook a Birtaniya ma bashinsa na kusa ya rinjayi kadararsa ta kusa nesa ba kusa ba, amma shi ya kife ranar 23 ga Satumban 2019, bayan shekara 178 yana aiki, ya bar matafiya wajen 600,000 a ƙasashen mutane.

Siffar lissafi ɗaya, makoma biyu. Saboda haka ganin lamba ƙasa da sifili bai isa a yanke hukunci ba. Sai an san wa ke bin bashin, kwana nawa ke tsakanin shigar kuɗi da fitarsu, sannan a bi sawun kuɗin a ga inda aka zuba su.

Jarin juyawa shi ne abin da ya rage idan an cire basussukan kusa daga kadarorin kusa. Kadarorin kusa su ne tsabar kuɗi, da haja, da bashin da ake bin abokan ciniki, da abin da aka biya a gaba kamar kuɗin hayar shago na watannin da ba su zo ba. Basussukan kusa kuma duk abin da wa'adinsa zai cika cikin wata 12: kuɗin masu kawo kaya, albashi da harajin da ba a kai ga biya ba, rancen banki na gajeren lokaci, kason babban rance da ya faɗo cikin shekarar, da kuɗin da abokan ciniki suka riga suka bayar ba a ba su kayansu ba tukuna. Idan na biyun ya fi na farko, an samu giɓi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cuɗa waɗannan basussuka wuri ɗaya, alhali iri biyu ne masu hali daban. Bashin mai kawo kaya da kuɗin da abokin ciniki ya biya a gaba ciniki ne ya haife su. Ba su da kuɗin ruwa a rubuce, kuma suna sabunta kansu: ka biya na watan jiya, ka ɗauki na wannan watan. Rancen banki kuwa yana da rana, yana da kuɗin ruwa, kuma ba dole ne a sabunta maka shi ba. Shi ya sa masu nazarin lissafi ke ware tsabar kuɗi da rancen banki gefe, su dubi abu uku kawai: haja, a haɗa da bashin da ake bin abokan ciniki, a cire bashin masu kawo kaya da kuɗin da aka karɓa a gaba. Giɓin da ya fito daga nan alama ce ta kasuwanci mai saurin juyi. Giɓin da ya fito daga rancen banki da harajin da aka kasa biya alama ce ta ciwo, ko da lambar ta yi daidai da ta farko.

Lissafin kwanaki

Ga kantin kayan masarufi na misali. Yana cinikin naira miliyan 1 kullum, wato miliyan 365 a shekara. Kayan da yake sayarwa kullum ya saro su a kan naira 800,000, don haka ribar da ke kan haja 200,000 ce a rana. Albashi, haya, man janareta da sauransu suna cin 160,000. Abin da ya rage wa mai kanti 40,000 ne a rana, naira miliyan 14.6 a shekara.

A sito da kan kanta yana da hajar naira miliyan 12. Ka raba da 800,000, ka samu kwana 15. Wato kaya na kwana 15 kafin su fita. Yana bin 'yan tsirarun abokan ciniki miliyan 2, ka raba da cinikin rana, kwana 2 ke nan. Diloli da kamfanoni suna bin sa miliyan 32, ka raba da 800,000, kwana 40. A lura da abin da ake rabawa da shi: haja da bashin masu kaya da kuɗin sari ake auna su, bashin abokan ciniki kuma da kuɗin sayarwa. Wanda ya raba dukkansu da kuɗin ciniki zai samu kwanakin da suka gaza na gaskiya.

Yanzu 15 a haɗa da 2, a cire 40, saura 23 ƙasa da sifili. Katan ɗin madara ya shigo yau, ya fita rana ta 15, kuɗinsa sun shiga aljihu rana ta 17, mai shi kuma sai rana ta 40 za a sallame shi. Kwana 23 kuɗin suna hannun mai kanti. Da yake kullum sabon kaya na shigowa, wannan riƙo ba ya yankewa. A naira, 12 da 2 a cire 32 ya ba da giɓin miliyan 18. Miliyan 18 na mutane suna zaune a kasuwancin nan dare da rana ba tare da takardar rance ba.

Darajar wannan ba ƙarama ba ce. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, 'yan kasuwa kuma suna karɓar rance a wajen kashi 30. Da a banki mai kantin ya ranto miliyan 18, da ya biya miliyan 5.4 a shekara, fiye da sulusin ribarsa. Kowace rana ɗaya da dila ya ƙara masa a wa'adi daidai take da a miƙa masa 800,000.

Idan aka ɗora tsabar kuɗi miliyan 10 da ke banki, da kuma albashi da harajin da suka taru na miliyan 3, kadarorin kusa sun zama 24, basussukan kusa 35. Giɓin da zai fito a takarda miliyan 11 ne, ma'aunin kadara a kan bashi kuma, wato 24 a raba da 35, kusan 0.69. Tsohuwar ƙa'idar da ake koyarwa a aji ta ce a nemi 2, ko aƙalla 1. Ƙa'idar ta dace da masana'anta mai daɗewa da kaya, ba ta dace da kantin da ke karɓar kuɗi hannu ba. Amma tambaya ɗaya ta rage: an ce miliyan 18 na mutane, da wasu 3, suna hannu, a banki kuwa 10 kawai aka gani. Ina sauran 11? Sun shiga reshe na biyu, ko firji da motar ɗaukar kaya, ko fili, ko kuma an ci su a matsayin riba. Amsar wannan tambaya ita ce rabin hukunci.

Sana'o'in da giɓin ya zame musu ɗabi'a sanannu ne: manyan kantuna, gidajen abinci, kamfanonin jiragen sama da ke sayar da tikiti makonni kafin tashi, kamfanonin sadarwa da ke karɓar kuɗin kati da data kafin a yi kira ko ɗaya, kamfanin lantarki mai mitar biya-kafin-sha, makarantun kuɗi, da kamfanonin siminti da dila ke zuba musu kuɗi ya koma jiran lodi. Dell ya yi suna da wannan a harkar kwamfuta. Sai an yi oda yake haɗa na'ura, a farkon shekarun 2000 hajar da yake ajiyewa ba ta kai ta mako guda ba, masu kawo masa sassa kuma sai bayan wata biyu ko fiye yake biyan su, har zagayen kuɗinsa ya sauka ƙasa da sifili da fiye da wata guda.

Akwai kuma waɗanda giɓi bai kamace su ba ko kaɗan. Mai sayen hatsi da kaka a Dawanau ya biya kuɗi hannu ya kulle sito wata biyar, ɗan kwangilar da ke jiran gwamnati ta biya shi, ɗan Kantin Kwari da ke tura kuɗi Sin kafin a loda kwantena sannan ya ba 'yan sari bashi, duk waɗannan sana'arsu na cin jari ne. Idan ka ga lissafin ɗayansu ya nuna giɓi, kusan ko yaushe rance ne ya yi masa yawa ko ya daina biyan mutane.

Abin da ke faruwa idan ciniki ya juya

Daɗin wannan tsari yana cikin bunƙasa. Cinikin kantin nan ya ƙaru da rabi, kwanaki ba su canja ba: haja ta zama miliyan 18, bashin abokan ciniki 3, na masu kaya 48. Giɓi ya tashi daga 18 zuwa 27. Miliyan 9 sun ƙaru a banki, kuma ko kwabo a cikinsu ba riba ba ce. A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, domin asusu ya cika, sai a ɗauka kasuwa ce ta yi albarka, a fara gini.

Yanzu a juya lissafin. Ciniki ya faɗi da kashi 25 cikin 100, saboda wani babban kanti ya buɗe a kusa, ko an rufe titin don aikin gada, ko irin ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023. Sari ya koma 600,000 a rana, amma har kwana 40 masu zuwa takardun da ke cika wa'adi na tsohon sari ne, na 800,000. Kuɗi kaɗan ke shigowa, biya mai yawa ke fita. Idan komai ya daidaita, haja ta koma miliyan 9, bashin abokan ciniki 1.5, na masu kaya 24, giɓi 13.5. Miliyan 4.5 sun fice daga banki. Ribar haja kuma ta koma 150,000 a rana alhali kashe-kashe na nan a 160,000, don haka kantin ya fara asarar 10,000 kullum.

Da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai dai diloli na da ido. Sun ga oda ta ragu, sun ji an fara cewa a dawo jibi, sai su rage wa'adi daga kwana 40 zuwa 20. Bashinsu ya sauka zuwa miliyan 12. Haja kuma ba ta saurin raguwa yadda takarda ke so, domin abin da ya rage a kanta shi ne wanda ba ya tafiya. A ce ta tsaya a miliyan 12 ɗinta. Lissafi ya zama 12 da 1.5 a cire 12, wato 1.5 sama da sifili. Daga giɓin 18 zuwa rarar 1.5, kantin na buƙatar naira miliyan 19.5 cikin 'yan makonni, a bankinsa kuwa 10 ne. Reshe na biyu yana nan, motar tana nan, amma ba a biyan dila da bulo.

Wannan shi ne halin bashin masu kaya da ya kamata kowa ya riƙe: yana ƙaruwa lokacin da ba ka matse ba, yana janyewa ranar da ka fi buƙatarsa, kuma ba ya ba da sanarwa. Banki aƙalla akwai yarjejeniya da rana. Dila kuwa direbansa kawai zai hana sauke kaya.

Abin da ya sami Toys R Us, kamfanin kayan wasan yara na Amurka, ke nan. Yana ɗauke da bashin kusan dala biliyan 5 tun bayan sayen sa da aka yi da rance a 2005, amma yana tafiya. A farkon Satumban 2017 labari ya fita cewa ya ɗauki lauyoyi don sake tsara bashin. Cikin kwanaki kaɗan kusan kashi 40 cikin 100 na masu kawo masa kaya suka ƙi lodi sai an biya su nan take ko a gaba, daidai lokacin da yake tara hajar Kirsimeti. Cike wannan gurbi na buƙatar ƙarin fiye da dala biliyan 1, ba shi da su, ranar 18 ga watan ya nemi kariyar kotu. Ba cinikinsa ne ya tsaya a makon nan ba, amincewar masu kaya ce ta tsaya.

Thomas Cook kuma yanayin shekara ne ya fallasa shi. Matafiya na biyan kuɗin hutun bazara tun watanni kafin tafiya, otal-otal kuma sai bayan an gama hutu ake biyan su. Asusunsa kan cika a ƙarshen bazara, ya kwashe da shigowar hunturu. Shekarar lissafinsa kuma 30 ga Satumba take ƙarewa, lokacin da aljihu ke da nauyi. Bankuna sun san haka, shi ya sa a kan shirin ceto na fam miliyan 900 suka nemi ƙarin miliyan 200 na tsallake hunturu, da aka rasa sai kamfanin ya rufe. Darasin lissafi a nan shi ne hoton rana ɗaya ba ya nuna shekara. A duba giɓin wata-wata, a nemo watan da asusu ya fi bushewa, da shi ake auna lafiyar kamfani.

Makarantar kuɗi ƙaramin Thomas Cook ce. Ta karɓi naira miliyan 24 a makon farko na zango, albashin malamai miliyan 4 ne a wata, kuma zango uku ne ke ɗaukar nauyin wata 12, don haka kowane zango albashin wata huɗu ke kansa. Miliyan 16 daga cikin 24 suna da masu su tun ranar da aka karɓa. Mai makarantar da ya ga 24 ya zuba 12 a ginin sabon aji, zai kai wata na huɗu ya fara ba malamai haƙuri, sannan ya roƙi iyaye su biya na zango mai zuwa da ragi. Daga ranar ya shiga cin gobe a yau, kuma kowane zango ramin na ƙara zurfi.

Bashin da ake cewa kyauta ne

Ba kasafai yake zama kyauta ba, kuɗinsa na ɓoye ne a cikin farashi. Katan naira 20,000 kuɗi hannu, 21,000 idan sai bayan kwana 30: kashi 5 ke nan a wata, wajen kashi 61 a shekara, ninki biyu na abin da banki zai karɓa. Ko ragin nan da kamfanoni ke bayarwa na kashi 2 ga wanda ya biya cikin kwana 10 maimakon 30, wanda ya bar shi ya wuce ya sayi kwana 20 a kan kusan kashi 37 a shekara. Yadda ake lissafin: a raba 2 da 98, a ninka da 365, a raba da 20. Mai tsabar kuɗi a ajiye da ya ƙi karɓar irin wannan ragi don kawai lissafinsa ya nuna giɓi mai kyau, asara yake yi. Akwai kuma farashin da ba a rubutawa: ranar da kaya suka yi ƙaranci, wanda ke biya da wuri ake fara loda wa.

Sai batun kuɗin da aka ci bashin da shi. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya haɗe kasuwannin canji ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 a ƙarshen shekarar, ta haura 1,400 a farkon 2024. Wanda ake bi dala 100,000 na kayan da ya riga ya sayar da naira a tsohon farashi, bashinsa ya tashi daga miliyan 46 zuwa 90 ba tare da ya ƙara ko katan ɗaya ba. Manya ma ba su tsira ba: MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, Nestlé Najeriya fiye da biliyan 79, akasari saboda wajibai da basussukan da ke kansu da kuɗin waje. Ɗan kasuwar Maraɗi da ke sari da yuro bai san wannan ciwo ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro, amma in da dala ya ci bashi shi ma yana ciki.

Hauhawar farashi kuma fuska biyu gare ta a nan, kuma ba a cika bambance su ba. Idan kuɗi ake bin ka da naira, jinkiri na taimakonka, don za ka biya da nairar da ta rage daraja. Idan kuwa kaya ake bin ka, wato ka karɓi kuɗin mutum a gaba, jinkiri na cin ka. Mai buga bulo da ya karɓi kuɗin bulo 5,000 bai sayi siminti a ranar ba, ya juya kuɗin a wani wuri, bayan wata biyu zai buga su da siminti mai sabon farashi a kan tsohon ciniki. A shekara irin 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a Najeriya, wannan kaɗai ya isa ya cinye ribar aikin. Kuɗin gaba a sayi kayan aikinsa nan take, ko a rubuta a yarjejeniya cewa farashi na ranar ɗauka ne.

Akwai kuma rancen banki da ake sa wa rigar bashin masu kaya. Carillion, babban kamfanin gine-gine na Birtaniya, ya miƙe wa'adin biyan 'yan kwangilarsa zuwa kwana 120, sannan ya ce wanda ke son kuɗinsa da wuri ya je banki ya karɓa da ɗan ragi, shi Carillion zai biya bankin daga baya. A zahiri banki ne ke bin sa, amma kusan fam miliyan 500 na wannan tsari ba a rubuta su a layin rance ba, suna cikin sauran masu bin bashi. Da ya rushe ranar 15 ga Janairun 2018, fam miliyan 29 kacal aka samu a hannunsa, abin da ke wuyansa kuwa kusan biliyan 7, ciki har da wajen biliyan 2 na ƙananan kamfanoni kimanin 30,000. Daga Janairun 2024 ƙa'idojin lissafi na duniya, waɗanda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya ke bi, sun wajabta bayyana irin wannan tsari a bayanan da ke bin lissafi. Mai sayen hannun jari ya karanta wurin, kada ya tsaya a shafin farko.

A ganina a nan ne layin yake tsakanin dabara da zalunci. Giɓin da ya samu don kayanka na saurin fita, ka kuma biya a ranar da aka yi alkawari, ƙwarewa ce. Wanda ya samu don ka fi ƙarfin mai kawo maka kaya, kana riƙe kuɗinsa alhali kana da su, shi yana can yana cin rance mai tsada don ya biya ma'aikatansa, wannan ɗora nauyinka ne a kan wanda bai kai ka ba. Hadisi ya inganta cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Faransa ma tun 2008 ta sa doka ta ƙayyade wa'adin biya tsakanin kamfanoni a kwana 60 daga ranar takardar kaya. Ko ta fuskar riba zalla, mai kawo kayan da ka matse har ya karye kai ne za ka nemi madadinsa.

Yadda ake gane mai lafiya da marar lafiya

Abu na farko da za a nema shi ne jadawalin basussukan masu kaya bisa daɗewarsu: nawa ne wa'adinsa bai cika ba, nawa ya wuce da kwana 30, nawa da 60, nawa da 90. Sannan a gwada kwanakin da aka yi yarjejeniya da kwanakin da lissafi ya nuna. An yi alkawarin 30, lissafi na nuna 55, to 25 ɗin nan ba jari ba ne, saɓa alkawari ne da ake jira ya fashe. Idan kwanakin biya na hawa shekara bayan shekara alhali ciniki a tsaye yake, kwanakin haja ma na hawa, kamfanin na rufe kasawar ciniki da kuɗin mutane. Harajin da aka cire daga albashi da kuɗin fanshon ma'aikata da ba a tura ba su ne mafi munin alama, domin ba wanda ke taɓa su sai wanda ƙofofi suka rufe masa, kuma suna zuwa da tara. A duba har ila yau ko dila ɗaya ne ke riƙe da rabin bashin. In haka ne, makomar kasuwancin na hannun mutum guda.

Ga mai kasuwancin kansa, aikin da ya fi kowanne amfani shi ne jadawalin kuɗi na mako 13. A ja layi 13, kowane mako a rubuta abin da ke banki ranar farko, abin da ake sa ran zai shigo a zahiri ba abin da aka sayar ba, sannan kowane biya a makon da zai fita: wane dila, nawa, albashi, haya, haraji, kason rance. Duk mako a cire wanda ya wuce, a ƙara sabo a ƙarshe, a gwada hasashe da abin da ya faru. Ramin da zai zo a mako na tara ana ganin sa tun yau, lokacin da zuwa wurin dila neman ƙarin kwana goma magana ce ta mutunci. Ranar da wa'adi ya cika kuwa roƙo ne, kuma labarinsa na zagaya kasuwa kafin la'asar.

Bayan haka a yi gwajin da muka yi wa kantin nan da lambobin gaskiya: ciniki ya ragu da rubu'i, wa'adin masu kaya ya rabu biyu, haja ta ƙi motsi. Lambar da ta fito, miliyan 19.5 a misalinmu, ita ce abin da ya kamata a iya samu cikin wata guda, ko tsabar kuɗi, ko ajiyar da ake warwarewa da sauri, ko layin rance da banki ya riga ya sa hannu a kai tun ana zaman lafiya. Abin da ya haura wannan ne kawai za a iya tunanin sa wa a abu mai daɗewa. Gini, fili da inji da riba ake yin su, ko da rance mai dogon wa'adi, ko da sabon abokin tarayya. Kuɗin da abokan ciniki suka biya a gaba kuma a buɗe musu asusu daban, a riƙa ɗiba gwargwadon kayan da aka miƙa.

Wurin ƙarshe da giɓin ke ba mutane mamaki shi ne ranar da kasuwanci zai canja hannu. Mai sayen kantin nan da ya ga miliyan 10 a banki da hajar miliyan 12 ya biya kuɗinsu a kan farashi, ya sayi abin da diloli za su zo karɓa cikin kwana 40. Shi ya sa a cinikin kamfanoni ake amincewa da matsakaicin jarin juyawa na wata 12, a daidaita farashi da bambancin da aka samu ranar miƙa makulli. Haka abin yake a rabon gado ko rabuwar abokan tarayya. Bashi ake fara fitarwa, kuma da zarar an daina sari sabon bashi ya daina maye gurbin tsoho, duka miliyan 35 za su taso a kan miliyan 24, hajar ma in an yi gwanjonta ba za ta kawo 12 ɗin da ke rubuce ba. Cikon sai an sayar da reshe na biyu ko motar, su kuma ba a cika samun mai sayensu da daraja cikin kwana 40 ba.